Tsintsiya ba gādon mata ba ce

Akwai kalmomin da ke girgiza aure ba tare da an je gaban alƙali ba, kuma “ƙazama” na sahun gaba a cikinsu. Baƙo zai shiga gida ya tarar da kwanuka a jibge da wanki a bakin ƙofa, kafin ya gama amsa maraba ya riga ya yanke wa matar gidan hukunci. Ba a jin wanda ya ce maigidan ƙazami ne, ko da kuwa tare suka fita aiki da safe, tare suka dawo, albashinsu biyu ne ke riƙe da gidan. Mun yarda mace ta kawo kuɗi, amma mun ƙi yarda a sake raba aikin da ta bari a gida.

Mu ɗauki malamar firamare ko ma’aikaciyar lafiya a Tsanyawa, kan hanyar Kano zuwa Katsina idan an wuce Bichi. Tsakar gidanta ƙasa ce, awaki da kaji suna da nasu rabon a cikinta. Da kaka, ƙaiƙayin gero da dawa da harawa ne ke cika ko’ina. Da hunturu, abin da aka share da asuba ƙura ta mayar da shi kafin azahar. Da damina sai taɓo da kwata. Tukunyar da ta sauka daga murhun itace kuwa sai an dirje ta da toka. Duk wannan yana jiran matar da dole ta sa hannu a rajistar aiki da safe.

Sannan ga ruwa, wanda masu wa’azin tsafta ba sa son lissafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin mutum ɗaya yana buƙatar kimanin lita 50 a rana kafin sha da girki da wanka da wanki su wadatu. Gida mai mutum shida ke nan lita 300, wato jarka 12 mai cin lita 25, nauyin kilo 300 kullum. Inda babu famfo a gida, ko dai a biya ɗan garuwa, ko wani ya je rijiya ko burtsatse ya ɗauko. Ashe tsafta ba hali ba ce kawai. Lokaci ce, ruwa ce, ƙarfin jiki ce. Duk wanda ya ga gida fes, to wani ya biya farashinsa.

Wa ke biya? Na farko ita matar, da barcinta da lafiyarta. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna mata ne ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali da ba a biyan kowa, fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. Na biyu babbar ’yarta, wadda ke isa makaranta a makare saboda shara da wanke-wanke, alhali yayanta namiji ya daɗe da tafiya.

Na uku shi ne wanda ya shafe mu, mu ’yan boko mazauna birni. Ma’aikaciyar Tsanyawa tana jingina da ’yarta. Mu kuma a Hotoro da Rijiyar Zaki da Nassarawa muna jingina da ’yar wani. Dillaliya takan kawo yarinya daga ƙauyuka irin na Tsanyawa, sau da yawa ba ta balaga ba, ta riga kowa tashi, ta kwanta bayan kowa. Ladanta kaɗan ne, shi ma hannun iyaye yake zuwa don a tara kayan ɗaki. Ita ke goge takalman da ’ya’yanmu za su sa su tafi makaranta, ita kuma ta zauna gadin gida. Da yamma mu hau Facebook mu yi jimamin yawan yaran Arewa da ba sa zuwa makaranta, kamar ɗaya daga cikinsu ba ta tsaye a kicin ɗinmu.

Ba doka ce babu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara. A 2019 Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole, a 2023 aka sa hannu kan dokar kare yara ta jihar, a Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi. Mu da muka fi kowa sanin waɗannan dokoki, mu ne ke taka su a bayan katangarmu.

Za a ce ai taimakon yarinyar ake yi, tunda a gidansu ma ba karatun za ta yi ba, nan kuwa tana ci ta ƙoshi. Idan taimako ne, gwajinsa mai sauƙi ne: tana zuwa makaranta? Za ka yarda a taimaki ’yarka ta wannan hanya?

Za a kuma ce addini ne ya ɗora wa mace aikin gida. Bukhari ya ruwaito daga Nana A’isha, Allah ya yarda da ita, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta ɗora wa miji mai wadata nauyin samar wa matarsa mai hidima. Ko ta ina aka duba, miji yana cikin lissafin. Abin da ya fitar da shi al’ada ce, da tsoron kada abokai su ce masa mijin-ta-ce. Abin mamaki, wannan mutumin shi ya yi shara da wanki a makarantar kwana, ya dafa wa kansa abinci a jami’a da lokacin yi wa ƙasa hidima. Ranar ɗaurin aure hannunsa ya manta.

Gyaran ba ya jiran kasafin kuɗin gwamnati. Miji ya ɗauki ayyuka sanannu su zama nasa na dindindin, kamar ruwa, zubar da shara, wankin kayansa da shirya yara da safe, ba “taimako” da zai yi ranar da ya ga dama ba. A koya wa ’ya’ya maza tsintsiya a shekarun da ake koya wa mata. Wanda ke da halin ɗaukar mai aiki ya ɗauki babba, a yanke lada da sa’o’i da ranar hutu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kowa ya auna abin da yake biya da wannan. Dangin miji su rage aikin duba-gari a ɗakunan matan ’ya’yansu: abin da ke kare lafiya shi ne rufaffen abinci da ruwa mai kyau da makewayi mai tsafta, ba labule mai sheƙi ba. Idan kuma ’yan siyasa suka zo Tsanyawa neman ƙuri’a, a tambaye su burtsatsen da ke aiki, domin kowace jarka da ta matso kusa da gida lokaci ne da aka mayar wa uwa da ’yarta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidan da mutum shida ke ɓatawa, zalunci ne a ce mutum ɗaya zai gyara shi, sannan a zage ta idan ta gaza.