Karatun Kwana: Riba Ko Asara?

Da zarar jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, daga Jega zuwa Aliero har Maiyama labarin ɗaya ne: tocila a hannu, littafi a kan cinya, ga shayi mai kauri ko goro a gefe, an sha alwashin ba za a runtsa ba sai an ji kiran assalatu. Mu ma da muke jami'a yanzu mun yi haka, wasunmu har ƙafa suka riƙa tsomawa a bokitin ruwa don korar gyangyaɗi. Gari ya waye muka zauna gaban takarda, ga tambayar da muka karanta da ƙarfe uku na dare, amma amsa ta ce ɗauke ni inda ka ajiye ni.

Ba daƙiƙanci ba ne, barcin da muka hana kanmu ne ya rama. Ku dubi manomin albasa a Aliero. Ciro albasa daga gona ba shi ne ƙarshen aiki ba; sai an shanya ta, an kai ta ma'ajiya mai iska. In aka bar ta jibge, kafin ta ga kasuwa ta ruɓe. Haka karatu yake. Abin da ido ya gani, kunne ya ji da rana, yakan fara sauka ne a wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus. Sai mun yi barci mai nauyi ƙwaƙwalwa take sake bitarsa, tana ƙarfafa shi, tana kai shi ma'ajiyar da zai daɗe.

Masana sun daɗe da gwada wannan. A 1924, John Jenkins da Karl Dallenbach na Jami'ar Cornell a Amurka sun sa ɗalibai biyu haddar wasu gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana. Wani lokaci ɗaliban su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu. Da aka tambaye su bayan awa 8, abin da suka tuna bayan barci ya fi yawa nesa ba kusa ba. A 1953 kuma, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano cewa akwai matakin barci da idanu ke ta motsi a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. Ashe mai barci jikinsa ne ya kwanta, ƙwaƙwalwarsa tana bakin aiki. Takan zagaya matakan barci kusan kowane minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare guda.

To, ina batun goro da shayi? Tun daga lokacin da muka farka, wani sinadari mai suna adenosin yana ta taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa mu ji ido ya yi nauyi. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi ba ya kawar da shi, toshe masa hanya kawai yake yi. Bashin yana nan, kuma za a biya, ko da a ɗakin jarrabawa ne. Ga shi bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗin yana nan a jiki, don haka kofin da aka sha bayan isha'i zai iya ɓata sauran daren. Ba a banza Bahaushe ya ce barci ɓarawo ne ba.

Likitocin barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Mun san da zafin bazara da sauro da aikin gida, cika wannan ba sauƙi. Amma ga abin da za mu iya. Mu rarraba karatu tun saura makonni, kullum kaɗan. Mu yi bitar darasi mai wuya kafin mu kwanta, mu ajiye waya nesa da shimfiɗa. Bayan sallar asuba mu rufe littafi mu gwada tuno abin da muka karanta jiya, domin da sanyin safiya ake kama fara. In rana ta take, ƙailula ta minti 20 tana wartsake mutum.

Daren jarrabawa kuwa, mu kwanta da wuri. Shafi biyar da aka kwana a kansu sun fi ashirin da aka karanta ido na lumshewa. Allah Ya ba mu sa'a, sai mako mai zuwa.