KADA MU BAR WA ƊAN BUNSURU AIKIN UBAN GARKE



A zagayen da na yi wa ƙungiyoyinmu na ƙasar Bodinga da Shagari bayan kaka, kuka ɗaya na yi ta ji daga bakin mata, su da ke riƙe da yawancin awakinmu. Wai 'ya'yan awaki suna zuwa ƙanana, wasu ba su kai yaye. Da na leƙa turaku sai na ga inda gizo ke saƙa. Manyan bunsura duk an kai su kasuwa, wasu don kuɗin makaranta, wasu don Kirsimati. Waɗanda suka rage suna bin awaki 'yan wata biyar ne ko shida.

Wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai tun da ya fara wari yana bin mata, ya isa." Ban yarda ba, Baba ya yi mini gafara. Jan bunsurun Sakkwato yana saurin tasawa, yana iya ba akuya ciki tun bai cika wata shida ba. Amma iyawa daban, isa daban. Wanda aka sa wa barbara da wuri yakan tsumbure, ya bar cin abinci, kuma sau da yawa akuya takan sake neman namiji bayan mako uku, alamar cikin bai shiga ba. Abin da ya fi muni, uwarsa da 'yan'uwansa mata yake hawa, gama su ne a gidan. Ga ƙananan mata kuma suna ɗaukar ciki jikinsu bai yi ƙwari ba.

To, yaya za a gane wanda ya isa? A buɗe bakinsa. In ya yi famfara, manyan haƙora biyu sun fito a gaba ta ƙasa, ya kai shekara ɗaya ko ya ɗan wuce. Sa'an nan a kama shi a taɓa marainansa. Su zama biyu, girmansu ɗaya, sun sauko sosai, da ƙarfi kamar damtse, ba taushi, ba kumburi. Mai ɗaya kada a yi iri da shi, ko da yana da kyan gani. Cikin bunsura biyu sa'o'in juna, mai manyan maraina ya fi yawan iri. Akwai wata alama da mutane ba su kula da ita ba: gaban ɗan akuya a manne yake da fatar da ta rufe shi, sai ya balaga yake rabuwa. Makiyayan ƙasar Peru, masu kiwon wata dabba mai kama da ƙaramin raƙumi marar tozo, ana ce da ita alfaka, su ma wannan suke dubawa. Nasu sai ya kai wajen shekara uku kafin su sake shi cikin mata. Mu shekara ɗaya kaɗai aka roƙe mu, muna ƙi.

Na san abin da za a ce. Ciyar da bunsuru da rani ba wasa ba ne, ga harawa da tsada, ga ɓarna a gonar maƙwabta. Gaskiya ne, gida ɗaya ba zai iya ba. Amma baligin bunsuru ɗaya mai lafiya ya ishi awaki 25 zuwa 30. Me zai hana kowace ƙungiya ta ajiye guda biyu, a ɗaure a gidan wanda aka amince da shi, kowa ya kawo damin harawa da mudun dusa? Sauran 'yan maza a dandaƙe su kafin su cika wata uku. Taure ya fi ƙiba, namansa kuma ba wari.

A zaɓi ja wur, marar tabo, ɗan uwa mai tagwaye da yawan nono. Fatar jar akuyarmu ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, domin ta can fatake suke ƙetara hamada da ita. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun buɗe wa wannan akuya gidan kiwo na musamman tun 1963. Mu da ake kiranta da sunan garinmu mun bar ta ga kowane bunsuru da ya bi ta lungu.

Kada kuma bunsuru ya daɗe a ƙauye ɗaya. Cikin akuya wata biyar ne, kafin shekara ta zagayo 'ya'yansa mata sun tasa. Ina ba da shawara ƙungiyar Bodinga da ta Shagari su riƙa musayar nasu kowace shekara, malamin dabbobi ya duba su tukuna. Wanda ya yi zazzaɓi a hutar da shi wata biyu, gama irinsa yakan yi rauni bayan ciwo.

Ina roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin taron wata mai zuwa, a kuma bar mata su faɗi nasu. Ranar zan zo da ƙarfen dandaƙa.