Tramol: kora daga lakol ba magani ba ce

Hanya biyu muka sani a nan Damagaram idan aka kama yaro da tramol: ko malamai su kore shi daga lakol, ko uba ya yi masa bulala ya kulle shi a ɗaki. Ni malami ne, kuma ban yarda da ko ɗaya ba.

Tramadol magani ne na ciwo mai tsanani, dangin morfin, wanda likita ke rubutawa bayan tiyata ko karaya. Ƙwayar farmasi miligiram 50 ce ko 100, kuma ba a son babban mutum ya wuce 400 a yini. Wadda 'yan tebur ke sayarwa a ɓoye takan kai 225. Ƙwaya biyu kawai, yaro ya zarce iyakar babba. Yawancinta daga Indiya take fitowa, ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas.

Mun saba jingina abin ga 'yan palais na Kara-Kara, waɗanda Aicha Macky ta nuna a fim ɗinta na 2021. Amma ɗan kabu-kabu na sha, ɗan garuwa na sha, haka ɗalibin da ke son kwana yana karatun BEPC. Ba maye suka fara nema ba, gajiya suke gudu. Alamun farko ba su da hayaniya: gyangyaɗi a aji, ƙaiƙayi, jiri, ƙin abinci. Daga baya sai yaro ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, mu ce iskoki ne. Ban hana kowa addu'a ba, amma a duba aljihunsa tukuna.

Ga inda kulle ke cutarwa. Jikin da ya saba, in aka yanke masa ƙwayar lokaci guda, cikin kwana ɗaya zai fara zufa da zawo da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace masa, fargaba ta rufe shi. Uba na ganin taurin kai, alhali ciwo ne. Mafi muni, bayan mako biyu a ɗaki juriyar jikinsa ta ragu. Ranar da ya fito ya haɗiye adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa. Wanda aka kora kuwa, an miƙa shi ne ga fadar da ake sayar da ita.

Likita ne ke rage masa ƙwayar sannu a hankali, cikin makonni, yana kula da barcinsa da damuwarsa. Babban asibitin Zinder na da sashen masu kula da ƙwaƙwalwa, sai dai iyaye na gudunsa don kada a ce ɗansu ya haukace. Wannan kunyar ce ya kamata mu malamai mu taya su ɗauka. Darakta ya kira uba a keɓe, ba gaban tuta ba, a haɗa su da likita, a kuma bar wa yaron kujerarsa har ya dawo.