Wa ya san abin da ke ƙarƙashin rairayi?

Neman man fetur aikin mai haƙuri ne. Tun shekarun 1970 kamfanonin Turawa, Texaco, daga baya Esso da Elf, suka yi ta haƙa rijiyoyi a gabashin ƙasarmu. Sun taras da man, amma nisan teku ya sa suka tattara komatsansu. Sai a 2008 CNPC na ƙasar Sin ya karɓi Agadem. Matatar Soraz ta Damagaram ta soma aiki a 2011, bututun Benin kuwa a 2024.

To, ƴan ƙasa nawa muka horas da su kan binciken ƙarƙashin ƙasa? Wanda bai san yawan hajarsa ba, mai saye ke yanka masa farashi.