Kafin ka sayar da gona don aikin jirgin ruwa

A shirinmu na makon jiya wani matashi ya kira daga Sabon Maci, ya ce wani dillali ya yi mishi alkawarin aiki a jirgin ruwan ƴan yawon buɗe ido, in ya biya jika 500. Yana shawarar sayar da gonar gado. Na ce mishi ya dakata, kuma ga dalilina.

Bidiyon da ke yawo a salula gaskiya ne. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonshi ya kai mita 360 da ɗoriya, yana iya ɗaukar matafiya sama da 7,000. Ga wuraren wanka, ga abinci dare da rana. To amma ɗanmu in ya tafi, ba cikin waɗannan zai zauna ba. Yana cikin ma'aikata sama da 2,000 da kyamara ba ta nunawa.

Su yawancinsu can ƙasa suke kwana, mutum biyu ko fiye a ɗan ɗakin da sau da yawa ko taga babu. Wankin kwanoni, gyaran gadaje, kwasar shara, kullum, ba Juma'a ba Lahadi, wata shida zuwa tara. Ɗan cirani a Libiya ko Legas in ya gaji yana iya neman mota ya dawo gida. A tsakiyar teku ina tasha? A Fabrairun 2020, da korona ta shiga jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan, an tsare mutane wajen 3,700 a ciki, fiye da 700 suka kamu. Matafiya na kulle cikin ɗakunansu, ma'aikata na ci gaba da kai musu abinci.

Ban ce aikin haramun ne ba. Dubban ƴan Filifin da Indiya da Indunusiya da shi suke ciyar da iyali. Amma akwai doka. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta ce ma'aikaci ya samu hutun aƙalla awa 10 cikin 24, a ba shi takardar kwantaragi ya karanta kafin ya sa hannu, kuma ta hana a karɓi kuɗin sama mishi aiki daga hannunshi. Fasfo da binciken likita ana iya barin mishi, amma ladan dillali na kamfani ne.

Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo jika 500 kafin ka ga takarda, tun nan ya taka doka. Tambaye shi sunan kamfani da na jirgi, ka kai takardar wa wanda ya iya karatu. Iyaye, don Allah kar ku sa hannu a cinikin gona kan maganar baki.

Wanda ya taɓa yin wannan aiki, ya kira mu a shiri na gaba mu ji daga bakinshi.