Nijar: Ruwan da ke cin Agadas daga duwatsu yake gangarowa

Duk wanda ya san Agadas ya san gari ne na sahara, inda a yawancin shekaru ruwan da ake samu bai kai milimita 200 ba. To amma a farkon watan Satumba na shekarar 2009 ruwa ya fasa madatsar da ke kan Korin Telwa, ya kutsa cikin unguwanni, ya rusa dubban gidaje.

Abin lura shi ne, yawancin ruwan nan a kan duwatsun Azbin yake sauka, arewa da garin. Dutse ba ya shan ruwa, busasshiyar ƙasa ma ba ta shanye shi da wuri, don haka hadari guda ya isa ya cika kori cikin 'yan sa'o'i. Mutum na iya kasancewa a cikin gari ko yayyafi bai gani ba, sai ga ruwa a ƙofar gidansa. Gine-ginen kuma na ƙasa ne, da zarar gindin bango ya jiƙe sai ya zube. Shekarun fari sun sa jama'a sun manta da hanyar ruwa, har an yi gidaje da rumfuna a bakinta.

A daminar 2024 matsalar ta game ƙasar, inda fiye da mutum 300 suka rasu, sama da miliyan ɗaya kuma abin ya shafe su. Maraɗi ta yi asarar rayuka a ƙarshen Agusta, a Damagaram kuwa tsohon masallaci mai tarihi ya rushe a Satumba.

Mu da ke bakin iyaka, daga Illela zuwa Jibiya da Maigatari, abin ya shafe mu kai tsaye. Albasa da gishiri da dabino da dabbobin da ke gangarowa daga arewa duk sai sun tsallaka koramu, kuma idan hanya ta yanke kaya su lalace a mota, farashi ya tashi a kasuwanninmu.

Saboda haka daga Yuli zuwa Satumba a ɗora buhuna a kan katako, a guji ajiye kaya a kwari. Direba kada ya kwana a cikin kori don ya gan shi a bushe, kada kuma mai kaya ya matsa masa ya tsallaka ruwa mai gudu. Kafin a yi lodi a buga waya a tambayi halin hanya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.