Iyakar Tsamiya: Ko manhajar kwastan na tafiya tare da doka?

A watan Fabrairun 2026 ne Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta bayyana cewa shugaba Bola Tinubu ya amince a sake buɗe iyakar Tsamiya da ke ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi, domin manyan motocin da ke ɗauko kaya daga jamhuriyar Benin su samu hanyar ratsawa zuwa Nijar.

Dalilin dai ba ɓoyayye ba ne. Tun bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai a watan Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, hukumomin Nijar sun bar nasu a rufe. Wannan ya sa hankali ya koma kan hanyar da ta taso daga Segbana, ta shigo Nijeriya ta Tsamiya, sannan ta fita ta Kamba.

To sai dai ɗage shinge aiki ne na yini guda. Abin da ya fi wuya shi ne tabbatar da cewa ƙa'idojin da ke cikin kwamfutar jami'in kwastan su ne ainihin ƙa'idojin da ke aiki a ranar da mota ta iso.

Doka a cikin na'ura

A yau jami'in da ke kan iyaka ba ya buɗe kundin doka kafin ya yanka wa ɗan kasuwa kuɗin fito. Lambar kaya ake shigarwa a manhaja, ita kuma ta fitar da adadin haraji, ta nuna ko kayan haramtattu ne, ta kuma zaɓi motar da za a sauke a bincika da wadda za a bari ta wuce. Ke nan a aikace, abin da manhajar ta sani shi ne doka.

Nijeriya ta daɗe a kan wannan tafarki. Ta yi amfani da ASYCUDA, wadda hukumar kasuwanci da raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro, daga nan ta koma NICIS, sai NICIS II a 2017. A watan Oktoban 2024 kuma aka fara gwajin wata sabuwa mai suna B'Odogwu a ɗaya daga cikin tashoshin jiragen ruwa na Legas. A duk lokacin da aka yi irin wannan ƙaura, tilas ne a kwashe dubban ƙa'idoji daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, kuma wadda duk aka manta da ita a hanya ta daina aiki ke nan ba tare da wani ya soke ta ba.

Da a ce ƙa'idojin suna zaune wuri guda, da da sauƙi. A 2016 an hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa. Daga ranar 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta wannan hanya. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin baki ɗaya, ta buɗe guda huɗu a Disamban 2020, ita kuwa Kamba sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Babban Bankin Nijeriya ya hana masu shigo da wasu kayayyaki 41 samun kuɗin waje daga gare shi a 2015, jerin ya ƙaru zuwa 43, sannan aka janye matakin a Oktoban 2023. Kowanne daga cikin waɗannan yana nufin wani ya zauna ya gyara wani abu a cikin na'ura.

Wanda ke saurin shiga da wanda ke jan ƙafa

Duk wanda ya bi diddigin abin da ya faru daga 2023 zuwa 2025 zai lura da wani abu: sauyin da ke ƙara wa gwamnati kuɗin shiga ba ya kwana a hanya.

Farashin dala da ake lissafin kuɗin fito da shi ya tashi daga kusan naira 422 a tsakiyar 2023 zuwa sama da naira 1,500 a Fabrairun 2024, kuma a cikin wannan wata kaɗai an sauya shi sau da dama, wani lokaci kwana ɗaya tsakani. Sai da 'yan kasuwa suka yi ta kuka kafin Babban Bankin ya ce a riƙa amfani da farashin ranar da mai kaya ya buɗe takardar neman shigo da kayansa.

Sassauci kuwa tafiyar hawainiya yake yi. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Sai a tsakiyar Agusta aka fitar da sharuɗɗan, aka kuma taƙaita rangwamen ga kamfanonin da suka cika wasu ƙa'idoji masu tsauri.

Batun harajin kashi huɗu cikin ɗari na darajar kaya ya fi kowanne fito da matsalar fili. Yana cikin sashe na 18 na dokar kwastan ta 2023. An fara karɓarsa a Fabrairun 2025, aka dakatar a cikin watan, aka dawo da shi a Agusta, sai ministan kuɗi Wale Edun ya ba da umarnin a sake dakatar da shi a Satumba. Hukumar Kwastan ta tunatar da cewa majalisa ce ta kafa harajin, daga baya kuma aka keɓe wasu kayan masana'antu daga biyansa. A irin wannan hali, wanne mai kula da manhaja zai bi, wasiƙar minista ko dokar majalisa? Kuma ɗan kasuwar da ya biya a ranakun da ake wannan ja-in-ja, da wace hujja zai nemi a mayar masa da kuɗinsa?

Tsakanin Tsamiya da Kamba

Kayan da ke ratsawa zuwa wata ƙasa ba a karɓar kuɗin fito a kansu. Abin da ake yi shi ne a karɓi lamuni, a rufe motar da hatimi, a ba ta wa'adi, sannan a soke lamunin idan ofishin fita ya tabbatar cewa ta fita da kayanta cif-cif. Dukkan tsaron ya rataya ne a kan abu guda, wato abin da aka rubuta a ofishin shiga ya isa ofishin fita kafin motar ta isa.

Ga jihar Kebbi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A nan ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi na Babban Bankin a Nuwamban 2015, kuma akwai manyan injinan casar shinkafa a Argungu da Birnin Kebbi. Tirelar shinkafar waje da aka rubuta cewa Nijar za ta, amma ta sauke kayanta a wani ƙauye a kan hanya, manomin fadama ne zai ji a jikinsa ranar kasuwa.

Ƙungiyar ECOWAS na da tsarin musayar bayanan irin waɗannan kaya tsakanin ƙasashe, mai suna SIGMAT, kuma a Mayun 2025 Nijeriya da Benin suka haɗa na'urorinsu a iyakar Seme, can kudu a kan hanyar Legas zuwa Kwatano. Amma hanyar Tsamiya ƙasashe uku ta shafa, ta ukun kuma ta fice daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da bai wa kayan Nijar da Mali da Burkina Faso rangwamen da aka saba har sai an ji sanarwa ta gaba. Na'ura kuwa ba ta san "har sai an ji sanarwa ta gaba" ba. Ko dai ƙasa na cikin jerin masu rangwame, ko ba ta ciki, kuma sai wani ya tuna ya gyara ranar da matsayin ya sauya.

Wa ke bin sawu?

Abin da ake buƙata ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba. Rajista ce wadda za ta nuna ranar da aka fitar da kowane umarni, da ranar da aka shigar da shi a manhaja, da jami'in da ya shigar, da kuma shaidar cewa an gwada an ga yana aiki a kowane ofishi, har da na nesa irin Tsamiya da Lolo. Tazarar da ke tsakanin ranar farko da ta biyu ita ce ma'aunin da zai nuna ko hukuma na riƙe da aikinta.

Binciken da Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ke yi ba ya cike wannan gurbi, domin kuɗin da aka tara yake dubawa, rahotonsa kuma kan fito ne bayan shekaru, lokacin da motar da kayan duk sun zama labari. A ɗaya ɓangaren, Nijeriya ta amince da yarjejeniyar sauƙaƙa cinikayya ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Janairun 2017, wadda ta buƙaci a wallafa sababbin ƙa'idoji tun kafin su fara aiki. Buga irin wannan rajista a fili zai dace da wannan alƙawari, zai kuma bai wa dillalin kwastan a Bagudo abin da zai nuna idan lissafin kwamfuta ya saɓa wa na takarda.

Akwai kuma sa'o'in da na'urar ba ta aiki sam. A watan Agustan 2025 dillalai a tashoshin Legas sun koka kan yadda B'Odogwu ke tsayawa, kaya na taruwa, kuɗin ajiya na hauhawa. Wannan a birnin da ya fi ko'ina wadatar hanyoyin sadarwa ke nan. A iyakar da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga Abuja, idan sabis ya ɗauke alhali tireloli sun yi layi, jami'i zai zaɓi ɗaya cikin biyu: ya tsare direbobi har na'ura ta dawo, ko ya rubuta da hannu ya shigar daga baya. Duk motar da ta wuce ta hanya ta biyun, babu wata ƙa'ida ta manhaja, sabuwa ko tsohuwa, da ta tantance ta kafin ta kama hanyar Kamba.